Gashin da Aka Tsayar wa Hajara

Zuwa ga Shugaban Sashen Gashin Ciwon Daji na asibitin da ke duba matata a nan Kumasi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka.

Sunana Isiyaku. Basakkwace ne ni, amma a Zangon Kumasi gemuna ya yi fari, ina sayar da tsofaffin kayan mota a kasuwar Suame Magazine. Matata Hajara na fama da sankarar bakin mahaifa. Ku kuka fara yi mata gashi da hasken inji, ku kuka tsayar. Na zo ofishinka aka ce kana taro, na dawo aka ce ka yi tafiya. Shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na ɗaya. Ciwo daga Allah ne, ban ɗora muku shi ba. Ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya a sashenku, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Amma ranar da aka fara, da Turanci aka yi mana bayani, aka maimaita da Twi, yaren mutanen garin nan. Twi ɗina na ciniki ne, iyakarsa farashin birki. Hajara ta gyaɗa kai don kunya, ni ma na gyaɗa. Ba wanda ya tambaya ko mun gane.

Na biyu. Ban sani ba ko ka san yadda muke dubiya a zango. Idan mutum ya kwanta, ƙofarsa ba ta rufuwa. Matan makarantarsu sun zo, abokan sana'ata sun biyo daga masallaci, wannan da koko, waccan da goyo mai tari. Ɗakinmu ɗaya ne, tagarsa ɗaya. Kowa ya riƙe hannunta, dattawa su tofa addu'a su shafa mata. Ni kuma ina bakin ƙofa ina godiya, ina jin daɗi cewa nesa da gida ma muna da mutane. A tsakiyar gashin zazzaɓi ya kayar da ita, ƙirjinta ya cika, aka kwantar da ita a asibiti, aka tsayar da gashin.

Na uku. A can ne wani likita ɗan arewacin ƙasar nan, mai jin Hausa, ya zauna ya yi mini bayanin da ya kamata in ji tun farko. Ya ce a cikin kowace ƙwayar jiki akwai wani zare da ake kira DNA, shi ne ke gaya mata yadda za ta hayayyafa. Hasken injinku tsinka zaren yake yi. Ƙwaya mai lafiya takan ɗinke nata kafin gobe, ta daji ba ta iya ɗinki sosai ba, shi ya sa ake gashin kaɗan-kaɗan kullum. Ya ce gawar ƙwayoyin dajin ma takan sa garkuwar jiki ta gane abokin gabarta. Sai dai hasken ba ya tambayar waye nasa. Yana bi ta ƙashin ƙugu, inda ɓargo ke haɗa fararen ƙwayoyin jini, sojojin jikin kenan, su kuma ba su jure masa. Wato a daidai lokacin da ɗakina ya cika da jama'a, Hajara ba ta da mai tsaron gida. Likitan ya yi adalci, ya ce ba zai rantse wa ya kawo cutar ba. Ni ma ba zan rantse ba. Na dai san da an gaya mini da Hausa, da na tare ƙofa.

Na huɗu. Yanzu zazzaɓin ya sauka, an sallamo ta gida, an gwada jininta an ce ya farfaɗo. Amma an ba wani gurbinta a inji. Ba na jin haushinsa, shi ma ɗan wani ne. Sai dai likitan ya ce duk ranar da aka tsallake, ƙwayoyin da ba su mutu ba ƙaruwa suke yi. Zubar jinin da gashin ya tsayar mata ta dawo, ranka ya daɗe. Ni nake wanke zanen.

Roƙona guda biyu ne. A mayar da Hajara kan inji, a faɗa mana ranar, ba a ce mu riƙa leƙowa ba. Sannan a sami mai jin Hausa a ranar bayani, ya gaya wa iyalin kowane mara lafiya su rage dubiya har a gama. Idan magana ta fito daga bakin asibiti, zango zai karɓa. Daga bakina ba a karɓa ba. Goggonta ta taso tun daga garin Bawku a can arewa, na tsayar da ita a tsakar gida, ta gaishe ta ta taga, ta koma tasha tana kuka. Yanzu a masallaci ana cewa Isiyaku ya ɓoye matarsa kamar mai abin kunya. Zan ɗauki wannan sunan idan za ta rayu. Ban san yadda zan ɗauke shi ba idan ta mutu tana jiran layi, ba gashi, ba dangi.

Allah ya ba ka ikon yin daidai, ya tsare iyalinka daga wannan ciwo, kada ya sa ka taɓa korar ɗan'uwa daga ƙofar mara lafiya.

Wassalam.

Isiyaku, mijin Hajara,
Zangon Kumasi.