Masarar Inna da Ka Ce a Sayar

Dayi, ta Malumfashi.

Zuwa ga Yayana Abdulmuɗallib, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwar ƙani ga wansa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Nana Aisha da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a tsaye. Ƙanwarmu Sakinatu ta sauka lafiya, mace aka samu, hancin uban ta ɗauko sak, sai dai a taya mu da addu'a. Hadari ya fara haɗowa, kowa ya gama sharar gona. Da gangan na rubuto da ajami, don na san saƙon murya rabi kake ji ka ajiye. Wannan kuwa dole ka zauna ka haɗa baƙi.

Yaya, maganar masarar Inna ce. Ka tuna lokacin kaka, da ka zo gida, ka ce ajiye masara a rumbu ana jiran tsadar damina aikin mutanen da ne, ƙwari su ci rabi, ɓera ya ci saura. Ka ce akwai asusun haɗaka, inda jama'a ke tara kuɗi masana su juya musu, kuma wannan ba mai zama wuri ɗaya ba ne. Ka kwatanta shi da makiyayi: in ciyawa ta ƙare nan, ya kaɗa shanu can, ko ruwan banki ya hau ko ya sauka, sun san inda za su mai da kuɗin. Na tambaye ka ko babu haram a ciki, ko babu asara. Ka dafa kafaɗata ka ce kai ma naka na ciki, in akwai rami kai za ka fara faɗawa.

Ba ka tunkari Inna da kanka ba, ni ka tura, wai bakina ko dutse zai sayar. Kwana uku ina bin ta daga madafa zuwa bakin rijiya. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin rumbu wayam kafin shuka ba. Ta ce kuma wanda ya taɓa bazawa a gari cewa Maitama mai faci ya samu kujerar Makka, har aka cika masa gida da barka, ba shi za ta ba amanar hatsinta ba. Sai da na ce maganarka ce. Ka san ba ta kama sunanka. Nan ta ce in dai Babba ne ya faɗa, a kira mota. Ni na bi buhunan har kasuwar Dandume, ni na tura maka kuɗin, ka buɗe asusun da lambar wayata.

Yau buhun ya ninka abin da muka sayar. Wannan ban ɗora maka ba, kasuwa ta Allah ce. Amma da lokacin taki ya matso, na kai wa Dorkas, 'yar maƙwabcinmu Baba Levi da ke aikin banki a Funtua, saƙonnin da ke shigowa wayata. Ta ce masu juya asusun sun zaci ruwan banki zai sauka, suka zuba kuɗin a takardun bashin gwamnati masu dogon zango, sai aka ɗaga ruwan, tsofaffin takardun suka rage daraja. Ta ce ba sata ba ce, in an yi haƙurin shekara ɗaya ko biyu yana iya farfaɗowa. Na ce mata masara ba ta san shekara biyu ba, sati uku bayan shuka take neman takinta. Kuma ni da na sauke Alƙur'ani, a bakin Dorkas na fara jin bashi da ruwa ne na saka uwata a ciki. Ita har ta ɗauka na sani.

Duk wannan da na haɗiye, Yaya, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari; ni ma na yi kwaɗayi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, ranar suna Anti ta kira Sakinatu barka, cikin hira ta ce Allah ya taimake ku, Abban yara ya ji ƙishin-ƙishin a ofis ya janye nasa tun watan Rajab, har kun kama fili. Tun Rajab! Daga nan zuwa yau sau nawa ka kira ni? Ka tambayi awaki, ka tambayi katangar da ta faɗi, na ba ka labarin Maitama ka yi dariya har da tari. Ba ka ce uffan ba. Ashe makiyayin ya hango kura, ya kaɗa nasa ya bar namu suna kiwo. An ce ɗan'uwa rabin jiki, ban san rabin na iya gudu ya bar rabi ba.

Jiya na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta jefe ni da mafici, ta ce wannan ta fi ta Maitama, amma in daina saka Babba a shirmena, shi ba zai yi mata haka ba. Sannan ta aike ni gun Haladu mai taki, in ce ya ware mata nata, kuɗi na hanya. Na fita na zauna gindin rumbun, ban je ba.

Ban rubuto don in roƙe ka taki ba, wannan tsakaninka da Allah. Ka kira ta kafin Juma'a, ka faɗa mata da bakinka. Shekara da shekaru ina shirga mata ƙarya tana kama ni. Yau na faɗi gaskiya ta ƙi yarda, saboda kai.

Ka gaida Anti, ka ce na gode da hirar da ta yi. Ka shafa mini kan Raudatu da Abubakar Sadiƙ. Sakinatu da Baba Levi suna gaisuwa. Inna ma ta ce in gaida Babba, in ce Allah ya yi masa albarka. Na isar.

Ƙaninka da ba ya wasa yau,
Aƙilu.