Ragon da ke Jiran Sule

Gubuci, daren Laraba, saura kwana tara Layya.

Ke takarda, cinka wannan: wane rago ne ya ga Layya bakwai, wuƙa ba ta gan shi ba?

Yau wasiƙar Sule ta iso. Da ɗan nan zai tafi aikin madatsar ruwa, cewa ya yi shekara biyu za su gama, wuta ta zo, shi ma ya dawo gida. Na sayi ɗan rago na ɗaure domin ranar. Yanzu wai sai an ƙara shekara biyu, kuma kuɗin aikin ya ninka. Ni ban gane ba. Soja sun ce a ɗaure ciki, babu kuɗi, to wanda ya ninka daga ina ya fito?

Da la'asar Tanko mahauci ya leƙa bakin ragon, ya ce, "Iya, sayar min tun yana da sauran haƙori."

Na ce, "Ni nawa suka rage min, ka ji an kai ni kasuwa?"

Na kore shi, amma rumbu ya yi ƙasa. In na sayar, kamar na ce Sule ba zai dawo ba ke nan.

Ragona ne. Gobe ma zan jiƙa masa dusa.