Lambobin Alwyn Treloar a Ƙirjin da Ba Nasa Ba

Winifred Treloar
14, Titin Tasha,
Merrinbah.
6 ga Mayu, 1963.

Zuwa ga Mai Girma Kanar R. J. Ormsby (mai ritaya),
Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji,
Gundumar Merrinbah.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YADDA SAKATAREN ƘUNGIYA, MISTA LYLE HACKETT, YA SA LAMBOBIN YABON MARIGAYI FARABITI ALWYN TRELOAR

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce yayar marigayin, kuma ni kaɗai na rage a gidanmu. Shekara ashirin da shida ina tace labarai a jaridar garin nan, don haka zan kawo abin da na gani da abin da ke da shaida kawai.

1. Ƙanena mai yi wa tumaki aski ne. Ya shiga soja a watan Yuni na 1941, aka kai shi dazukan Niu Gini, aka sa shi cikin masu ɗaukar waɗanda suka ji rauni. Bai taɓa samun ƙarin girma ba. Ya dawo a 1945 da lambobi huɗu da zazzaɓin cizon sauro wanda bai rabu da shi ba har ya rasu, ranar 9 ga Agusta, 1961.

2. Wata biyu bayan jana'iza, Mista Hackett ya zo gidana ya roƙi aron lambobin, domin a ajiye su a akwatin gilashi na zauren ƙungiya. Na ba shi. Takardar da ya sa wa hannu tana wurina, kuma abin da ta ce shi ne "don ajiyewa a akwati".

3. Ranar Alhamis, 25 ga Afrilu, a faretin Ranar Anzac ta tunawa da sojojinmu, da misalin ƙarfe goma da kwata, ina tsaye a ƙofar gidan waya sai ga Mista Hackett a sahun gaba, da lambobin nan huɗu a ƙirjinsa. A hagu. Mai Girma Kanar ya fi ni sanin ƙa'ida: hagu na wanda ya je ne da kansa, dama ta dangin mamaci ce. Mista Hackett ba danginmu ba ne, ko damar ma bai cancanta ba. Aikinsa lokacin yaƙi kula da siton bargunan soja ne, mil arba'in daga gidan mahaifiyarsa. Wannan ba abin kunya ba ne, yana da nasa lambobi biyu da zai iya sawa. Ya bar su a gida.

4. Ba kuskuren ido na yi ba. Ƙyallen ɗaya daga cikinsu, mai siffar tauraro, ya taɓa yagewa, mahaifiyarmu ta ɗinke shi da koren zare don shi ne a hannunta ranar. Zaren ya fito sarai a hoton da mai ɗaukar hotonmu ya ɗauka. Kuma sunan Alwyn da lambarsa ta soja suna jikin kowane ƙarfe.

5. Akwai shaida. Saje Clarrie Dunstan, wanda Alwyn da mutum uku suka ɗauko kwana biyu cikin taɓo da harsashi a cinyarsa, yana bayan Mista Hackett a sahu. Mutane da yawa sun ji ya ce, "Kai Lyle, a wane daji ka samo wannan tauraron? Dajin barguna?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

6. Ranar Litinin, 29 ga Afrilu, na sami Mista Hackett a ofishinsa. Na rubuta amsarsa kafin in fita daga zauren: "Haba Win, ƙarfe ne fa kawai. Gara su sha iska da su yi tsatsa a akwati. Alwyn ma ba zai damu ba, shi da ko faretin ba ya zuwa."

7. Gaskiya ne, Alwyn ya daina zuwa fareti. Ina so kwamiti ya san dalili. A Ranar Anzac ta 1955 zazzaɓin ya taso masa a zauren ƙungiya, jikinsa na rawa har shayi ya zube masa a riga. Mista Hackett ne ya ce, a gaban kowa, "Ku fitar da shi, ya bugu tun hantsi bai yi ba." Aka kama hannunsa aka fitar da shi. Ni na same shi zaune a bakin kwata, da lambobin nan a ƙirjinsa. Ya cire su ya ba ni. Bai sake sa su ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon kwamiti ya cire Mista Hackett daga kujerar sakatare. Ina kuma roƙon a taronku na Juma'a, 17 ga Mayu, ya miƙo mini lambobin da hannunsa, yana tsaye, a zauren da ya sa aka fitar da mai su, bayan ya karanta sunan da ke jikinsu da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, sau huɗu. Ba na son a aiko su ta gidan waya. Ba na son takardar ban haƙuri.

Ina sanar da Mai Girma Kanar cewa ban bari hoton ya fita a jarida ba, don girmama ƙungiya da mutanen da ke cikinta. Yana aljihun teburina. Jaridarmu ta gaba bayan taronku za ta fito ranar Laraba, 22 ga Mayu, kuma ni ke tsara shafin farko.

Baɗi, in da rai, ni zan shiga fareti da su, kusa da Saje Dunstan. Zan sa su a dama.

Ina mai matuƙar girmamawa, ina jiran hukuncinku.

Taku mai biyayya,

Winifred M. Treloar
Yayar Farabiti A. Treloar