Kora Cikin Mutunci

Baguio, 9 ga Agusta

Nanay,

Ina gaishe ki da kyau, mahaifiyata. Yaya ciwon gwiwarki? Yaya babana Tatay da kamun kifi? Ina fata ruwan bana bai yi muku ɓarna a Samar ba.

Yayana Dodong ya ce kin daina cin abinci tun da maƙwabciyarmu Mana Pasing ta karanta miki takardar barin tsohuwar jami'ata, ta ce, "Ai an kori 'yarki!" Haba Nanay, matar da ko firamare ba ta gama ba? Duk mai canza jami'a ita ake ba shi, "kora cikin mutunci" ake kiranta. Suna ne kawai.

Sabuwar makarantar ba laifi, sai sanyi. Cikin darussa sha takwas da na ci a Manila, bakwai suka karɓa, don haka da 'yan shekarar farko nake zama. "Ate" suke kirana, wai babbar yayarsu. Nakan taya su dariya.

Akwai abin da ban gaya wa Dodong ba. Karatun malanta nake yi a nan, ba na jinya ba. Maki biyu suka rage mini in ci gaba da jinya a Manila, sai shugabar sashe ta ce, "Yarinya, nemi wani wuri."

Ki aiko mini busasshen kifi. Farar rigar jinyar da kika ɗinka mini kuwa, ki bar ta. Ki rage tsawonta, wata rana za ta yi wa ƙanwata Inday.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Luningning