Baba, Kwamfutar Ta Mutu, Amma Kullum Ina Buɗe Ta

Zuwa ga mahaifina, Allah Ya jiƙanka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ka koya mana, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Na san wasiƙar nan ba za ta iske ka ba. Masu bibiyata ne za su karanta, galibinsu a waya, suna kishingiɗe. Ba komai. Da kai nake magana, su saurara.

Baba, kwamfutar da ka saya mini lokacin da na shiga jami'a ta mutu. An kawo wuta da ƙarfi a nan Kebbe, ta yi wata 'yar ƙara, ta yi ƙauri, shi ke nan. Na kai ta Sakkwato, mai gyara ya buɗe cikinta, ya dube ni irin kallon da ake yi wa mai jinya idan ba a son gaya masa gaskiya. Ta tafi ne ina tsakiyar kundin digirina na biyu. Malamin da ke duba aikin kuma ya faɗa mini ba da wasa ba: in ban miƙa kafin ƙarshen wannan zango ba, za a cire sunana. Abin da na riga na rubuta yana hannunsa. Saura biyu mafi wuya cikin babobin, kuma a waya nake rubuta su.

Duk wanda na kai wa kuka, amsarsa ɗaya. Surukinka, Baban Walida, ya tambaye ni da zuciya ɗaya: "To mi kwamfuta ka yi wanda waya ba ta yi?" Ban ga laifinsa ba. Shi a asibitin da yake aiki waya ta ishe shi, ya kira, ya ɗauki hoto, ya tura. Ni ma ba zan ci amanar waya ba. Caji kaɗan take sha, ko ba wuta sai a aika ta shagon mai sola ta dawo a ƙoshe. Da ita na hau kabu-kabu zuwa Fakku na naɗo muryoyin matan da bincikena ya shafa. Da kwamfuta na ɗauka a wannan hanya, da tun kafin mu isa ta zama kayan gwangwan.

Amma rubutu fa? Ina tuna ka a sakatariyar Tambuwal, kana gaban tafireta, idonka na kan takarda, yatsunka na tafiyarsu su kaɗai. Ranar da ka kawo mini kwamfutar, kafin a kunna ta sai da ka bi madannanta da hannu, ka ce, "Aiki yatsa goma garai, ki sa su duka." Yanzu da manyan yatsu biyu nake neman digiri. Sauran takwas ɗin suna riƙe da wayar kamar 'yan rakiya. Ba na ganin shafi guda cikakke, sai layi kaɗan, kamar mai leƙen gona ta kafar darni. In zan duba littafi sai na rufe rubutuna, in na dawo na manta abin da na je dubawa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce babu wanda ya yarda cewa mace mai riƙe da waya aiki take yi.

A gidanmu na Tambuwal, da zarar na ɗaga murfin kwamfuta, har masu daka sukan sassauta. A nan kuwa, waya ta kowa ce. Fitila ce in tsintsiya ta ɓata a ɗaki. Rediyo ce. Maƙwabciyata takan aro ta ta kira ɗanta da ke ci-rani, kuma a ɗaya daga cikin kiran nan ne dogon sakin layi ya ɓace, ban san me kuncinta ya danna ba. Na yi mata godiya da ta dawo da ita. Ka yi mana tarbiyya, Baba, ga shi muna biyan kuɗinta.

Surukata, Inna, takan wuce ta gabana ta ce, "Ke dai kullum danne-danne, awa mai tsintar tsakuwa cikin shinkafa." A wani suna a Jabo na ji mata a bayana suna cewa bokon matar Malam duka ga waya ya ƙare. Ban juya ba. Gaskiya suka faɗa, ba su dai san irin gaskiyar ba.

Da Yaya Bello ya ji labari, sai ya aiko mini da tabulet daga Abuja, wai ita waya ce kuma kwamfuta ce. Baba, ba ko ɗaya ba ce. Ta fi ƙarfin aljihu, ba ta kai a kira ta kayan aiki ba. Faɗinta kamar faranti, don haka kowa ya ga abin sa hannu. Jikarka Walida, wadda ba ka gani ba, ta karɓe ta tun ranar farko, tana kallon wasu kyanwoyi masu waƙa. In na karɓa ta yi kuka, sai a ce wace irin uwa ce ke kokawa da ɗiyarta a kan abin wasa.

To ga abin da ɗiyarka mai ilimi ta yi. Na ɗauko gawar kwamfutar daga saman sif, na goge ta, na ɗora a tebur, na ɗaga murfin. Na jingina wayata a jikin baƙar fuskarta, na zauna ina fuskantar ƙofa, na ci gaba da danne-dannena.

Gidan ya yi tsit. Masu sallama suka riƙa rage murya. Aka daina aron waya, don ba a ganinta. A mako guda na rubuta abin da ban rubuta a wata ba. Ya kamata in yi murna, amma haushi ne ya fi yawa. Mataccen ƙarfe ya samu girman da ni mai rai ban samu ba.

Ranar Asabar ta makon jiya da hantsi Inna ta shigo da kunu, ta zagayo ta bayana ban ji ta ba. Ta ga fuskar kwamfutar baƙa ƙirin, ta ga wayar cike da rubutu. Ta daɗe tana kallo. Na jira faɗa. Sai ta ajiye kwanon ta ce, "Ashe wanga abu duka karatu na. To mi ya hana ki faɗi?" Na faɗa, Baba. Sau da yawa na faɗa. Amma ban tuna mata ba.

Tun ranar, da na dawo daga makarantar da nake koyarwa, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, ta zaunar da Walida da kyanwoyinta. In mai son aron waya ya zo, sai Inna ta ciro tata ƙaramar mai madannai daga bakin zane ta miƙa. Kwamfutar kuma ta ce kada in rufe, don mutane ba su san kome ba sai abin da sunka gani.

Babi ɗaya ya rage. Yatsuna biyu suna zogi, kuma ban sani ba ko zan kai. Na so kana nan ka yi mini dariya, sannan ka ce in gyara zamana.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya saka wa Inna da alheri, ni kuma Ya ba ni haƙuri da ikon kammalawa. Amin.

Ɗiyarka mai kewarka,
Maman Walida, daga Kebbe.