Iskar da Ba Ta Taɓa Kowa Ba

Zuwa ga matata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙauna da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da Yaya da mutanen gidanta. Yaya ciwon gwiwar? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Auta, Ya kyautata makwancinta.

Na rubuto ne in sanar da ke wani nauyi da na ɗora wa kaina, kada ki ji shi a bakin wani. Cibiyar da Auta take yi wa aiki ta aiko a karɓi akwatin kwalabenta. Ba su da wanda za su tura bakin teku a madadinta, don haka suna shirin rufe tashar awon iskar. Na roƙi a bar mini aikin. Sun amince na ɗan lokaci, ina jin kunyar furfurata suka ji.

Ba ki taɓa zuwa wurin ba, bari in kwatanta miki. Wani dutse ne da ya miƙe cikin teku, gaban tsohuwar hasumiyar jiragen ruwa. Kowane mako ana kai kwalabe biyu na gilashi da aka zuƙe iskar cikinsu. Mutum zai jira sai iska ta taso daga teku, wadda ba ta ratsa gari ko hanyar mota ba. Sai ya ɗauke numfashi, ya taka gaba yana fuskantar ta, ya buɗe bakin kwalba har ta cika, ya rufe, sannan ya koma baya ya numfasa. Haka zai yi wa ta biyun. Daga nan a aika da su cibiya, a auna iskar kabon da ke ciki. Ɗauke numfashin shi ne ginshiƙin aikin, domin kabon da ke fita daga bakin mutum ya ninka na sarari wajen sau ɗari. Kina tuna yadda Auta take tsokanata, wai mai lacca irina sai an ɗaure masa baki kafin a bar shi kusa da kwalabenta.

Na san za ki ce me ya yi zafi. Na ƙare ƙuruciyata ina koya wa ɗalibai cewa kabon zagayawa yake yi: ganye ya zuƙa, dabba ta ci, ƙasa ta karɓa, teku ya haɗiye ya mayar. Abin da ya ɓata tsarin shi ne wanda ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa tun kafin a yi ɗan Adam, muka tono shi, gawayi da mai, muka ƙone cikin 'yan ƙarnuka. Ni a allo na faɗi wannan. Auta kuwa cikin iska ta tsaya ta auna shi, shekara da shekaru. Awonta yana sauka idan itatuwa sun yi ganye, ya hau idan sun kaɗe, amma kowace shekara sai ya ɗara na bara. Darajar irin wannan awo ita ce rashin yankewa. In aka rufe tashar, layinta zai tsaya a makon da muka kai ta asibiti.

Ina cin abinci, ina shan maganina a kan lokaci. Kada ki sa damuwa a ranki.

Mijinki,
Baban Auta


Zuwa ga matata,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kin samu sauƙin barci. Ki gaishe mini da Yaya, ki ce na gode da ɗawainiya. Ban ga amsarki ba, ban kuma ƙullace ki ba.

Al'amarin tashar bai tafi yadda na so ba. Shugabar cibiyar ta rubuto mini cikin ladabi mai yawa, irin wanda ake yi wa tsofaffi idan za a karɓe musu makulli. Ana cika kwalabe biyu ne domin ɗaya ta zama shaidar ɗaya. Nawa sun ƙi yarda da juna. Kowane mako ta farko tana fita tsaf, ta biyu kuwa kabon ya yi mata yawa, sai a zubar da sakamakon duka. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata. In ba a samu biyu da suka dace ba, za su aiko mota ta ɗauki akwatin.

Na kwance murafun na duba robarsu. Na sake man da ake shafa musu. Na zargi injin kwalekwalen masunta, na zargi na'urar nuna inda iska take fitowa, har na rubuta wa shugabar shafi guda a kan haka, wanda ban aika ba.

Ranar nan na shiga ɗakin Auta neman littafin ƙa'idojin aikin, na tarar da ɓawon katantanwar teku jere a kan tagarta, yadda ta bar su. Ita ta taɓa nuna mini yadda teku ke shanye kusan rubu'in kabon da muke saki, ba ƙara ba gunaguni, har a ɗauka kyauta yake yi. Alhali ruwansa yana ƙara tsami, ƙananan halittun cikinsa suna wahalar gina ɓawonsu. Ba zan ja misalin ba, kin fi ni sanin inda ya dosa.

Gaskiyar magana, na san amsar tun kafin in taɓa robar. A kan dutsen akwai sawun ƙafa biyu da Auta ta zana da farin fenti, domin ta riƙa tsayawa wuri ɗaya kullum. Takalmina ya fi su girma, yana rufe su ruf. A kwalba ta farko ina kallon teku, ina iya riƙe kaina. Idan na dawo da ta biyu sai idona ya sauka ƙasa. Ba kuka nake yi ba. Sunanta kawai nake kira, sau ɗaya, a hankali, murfin yana buɗe.

Na yi niyya kowane mako ba zan yi ba. Mutumin da ya karɓi gaisuwar ɗaruruwan jama'a muryarsa ba ta yi rawa ba, ga shi kwalbar gilashi ta kama shi. Abin da nake tsoro shi ne bakina ya zama sanadin yanke aikinta.

Ki saka ni a addu'a.

Mijinki,
Baban Auta


Zuwa ga matata, abokiyar zamana,

Amincin Allah Ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki, ina gaida Yaya da yara. Na ji daɗi da kika ce gwiwar ta lafa.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye. Kin ce ba gidan kika guje wa ba, kin kasa yin kuka ne a gaban mutumin da yake goge rigunansa washegarin binne 'yarsa. Na ɗauka in na tsaya ƙyam za ki samu abin jingina. Ban lura jingina da bango sanyi ne da shi ba.

Na bi shawararki ta in sauke abin da ke raina kafin in taɓa kwalabe, duk da ba ta cikin littafin ƙa'idoji. Na isa da wuri, na ajiye akwatin a mota, na zagaya bayan hasumiyar na zauna a ƙasa. Na kira Auta da sunan da muka raɗa mata, da wanda kike kiranta, da na tsokanar da ta hana ni faɗa a gaban ƙawayenta. Abin da ya biyo baya ba zan iya tsara shi a rubuce ba. Ya ɗauki lokaci, har iskar ta juya ta dawo. Sannan na wanke fuskata, na hau dutsen, na cika ta farko, na cika ta biyu.

Jiya shugabar ta kira ni. Kwalaben sun dace da juna. Awon ya ɗara na bara a daidai wannan lokaci, kamar yadda Auta za ta yi tsammani, kuma ba labari ne mai daɗi ga duniya ba. Amma an rubuta shi a ƙarƙashin nata, ba a rufe layin ba. Za a bar tashar a hannuna har a samu wanda zan koya wa.

Ban yi miki alkawarin na warke ba. Mako mai zuwa ma sai na fara da bayan hasumiyar, kuma ba na son in zauna a can ni kaɗai. Hanyar ba ta da hawa sosai, zan kawo miki kujera. Iskar da ta isa wurin ta riga ta wuce kwalabe, babu abin da za mu ɓata. Ki faɗa mini ranar da zan zo ɗaukar ki.

Mijinki mai jiran amsarki,
Baban Auta