Matafiyin da Ba Ya Taka Ƙasa

Ƙulun ƙulufit, Huzaifa: wane matafiyi ne yake komawa gida, ba ya cin guzuri, ba ya taka ƙasa, kuma ba mai yi masa sannu da zuwa? Riƙe ta har ka gama karatu.

Assalamu alaikum, maigidana malalaci, wanda ya bar matarsa ta taho ƙasar Sin ko rakiya babu. Ina fatan kana lafiya, kai da babanka da duk mutanen gida. Allah Ya ƙara muku lafiya. Mu nan Guanzu mun gode Allah. Baffanka Shitu yana ta zirga-zirga tsakanin kasuwar Shahe da asibitin da nake kwance.

Ka ce in tambayo maka asalin dodannin wasan kwamfutar nan da ke hana ka wanka, masu tsalle da hannu a miƙe da takarda rawaya a goshi. Na tambayi wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke gadon kusa da nawa, Saffana 'yar baffanka ta yi mana tafinta. Ta ce ba dodanni ba ne, mutane ne. A da, can cikin duwatsu, in talaka ya tafi ci-rani ya mutu, danginsa sun ɗauka ba zai huta ba sai an binne shi a garinsu. Amalanke kuwa ba ta bin hanyar. Sai a jera gawarwaki a tsaye, a ɗaure hannuwansu jikin dogayen gora biyu, mutum gaba mutum baya su saɓa. Gora na lanƙwasa, gawa na tsalle. Na gaba yana kaɗa ƙararrawa don a rufe ƙofofi a ɗaure karnuka. Su kake sara kana ihu, ja'iri, bayin Allah da gida kawai suke nema.

Ran Talata tsohuwar nan ta rasu, aka naɗe shimfiɗarta. Aka ƙone gawar, ɗanta ya tafi da ita ƙauye a ɗan tulu, toka.

Ni na san ƙasa duk ta Allah ce, kuma nan ma akwai maƙabartar Musulmi. Amma na ga fuskar likita. Shitu ya ce a ƙara wata uku, ya hana Saffana fassara mini abin da likitan ya ce, ya manta ni na haife shi. Takardar nan kwana uku ina rubuta ta, hannu yana ƙi. Ba na so a binne ni inda ba za ka zo ba, ba na kuma so in dawo a ƙasan jirgi tare da kwalayen takalma. Ka karanta wa babanka wannan, kada ka tsallake komai. Shi ne babba, maganarsa kaɗai Shitu yake ji. A dawo da ni da raina, in zauna a tsakar gidana, in lokaci ya yi ƙanwata Rekiya ta yi mini wanka.

Ka gaida Rekiyar, da Zulaiha da yaranta, da Nana Khadija. Kai ban gaishe ka ba, sai na gan ka.

Matarka ta fari,
Hajiya Saratu

Amsar kuwa, gawar baƙo ce.